Akushin Mijin da Ke Baya

Zauna, Lantana, ajiye jakar nan tukuna. Na ji shawarar da ƙawayenki suka ba ki, wai in kin shiga ƙauyukan bayan duwatsu ke kaɗai ki riƙa cewa maigidanki na tafe a baya, don kada a raina ki. Ni ban hana ki tafiya ba, kada ki ce Gwaggo ta tsufa ta fara tsoro. Misali ɗaya zan ba ki.

An yi wata mata irinki, mai ƙafar yawo, tana bin duwatsu da ƙoramu a ƙasa, in ta dawo ta rubuta wa mutane abin da ta gani. Ita ma dabarar nan ta riƙe, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ai mijinta na baya, ya tsaya gyara takalmi. Wata rana da damina, da la'asar sakaliya, ta haye wata ƙorama ruwa iya gwiwa, ta iso bukkar wani tsoho da matarsa a bakin gona, su biyu rak. Tsohuwa ta yi mata sannu da zuwa, ta ba ta ruwa a ƙwarya, ta tambaye ta ina abokin tafiya. Baki da abin da ya saba, sai ta ce yana baya. Tsohuwa ta ƙara gari a tukunya, ta zuba tuwon mijin baƙuwar a akushin da ta fi ji da shi, ta rufe da faifai. Ana haka hadari ya haɗo ta kan duwatsu, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Tsohuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta leƙa hanya ta dawo, ta sake leƙawa. Ashe ƙoramar nan ce ta ci musu ɗansu tilo shekarun baya, yana dawowa daga kasuwa. Tsoho, da gwiwarsa mai ciwo, ya ɗauki sanda da igiya, ya ce ba za a sake yin haka yana raye ba, ya fita cikin ruwan.

Wayyo, Lantana! Matar nan ta zauna tana kallon akushi a rufe. Kunya na ce mata yi shiru, zai gaji ya dawo, zuciyarta kuma na ce mata tsohon nan zai shiga ruwa saboda mutumin da ba a ma halitta ba. Sai ta fashe da kuka, ta kama ƙafar tsohuwa ta ce, "Inna, ki yafe mini, ba kowa a baya. Ni kaɗai ce." Tsohuwa ba ta tsaya faɗa ba. Ta jawo turmi bakin ƙofa ta shiga dukansa da taɓarya ba komai a ciki, don da haka take kiran mijinta daga gona tun suna da ƙuruciya. Ta daka har hannu ya gaza, baƙuwa ta karɓa tana daka tana hawaye. Can sai ga tsoho ya ɓullo jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya bi ruwa. Ya riga ya ɗaure igiya a jikin bishiya, ruwa ya kai masa ƙugu, sannan ya jiyo turmi. Da aka gaya masa, ya share fuska, ya ce alhamdu lillahi, tunda yau ruwa bai ci ɗan kowa ba. Tsohuwa ta buɗe akushin ta tura gaban baƙuwa, ta ce, "Ci, 'yar nan. Wanda ba shi da kowa ai shi ake ƙara wa tuwo." Washegari ta ƙulle daddawa a ganye ta ba ta, ta ce ta kai wa ƙanwarta a ƙauyen bayan dutse, ta ce ita ta aiko ta. Ƙanwar ta sauke ta, ta haɗa ta da saƙo zuwa gidan 'yarta, haka matar nan ta gama duwatsun daga hannun wannan zuwa hannun waccan. Mijin ƙarya kuwa ya raka ta wata da watanni, ko gorar ruwa bai taɓa ɗaukar mata ba.

To tashi, ɗauki jakarki, Allah ya kiyaye hanya. Ban ce ki buɗe cikinki ga duk wanda kika gamu da shi ba, ke ma ba yarinya ba ce. Amma wadda ta ba ki ruwa da hannu biyu, kada ki bari ta tuƙa tuwon wanda babu. Ai Hausawa sun ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.