Ɓurɓushin Ƙarfe

Injiniya ya zaro maganaɗisu daga man injin jirgin saman, ya ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a bakinsa.

"Jirgin nan ba zai tashi ba," ya ce wa manaja.

"Haba Injiniya! Ba ka ji injin lafiya lau yake ƙara ba?"

"Ranka ya daɗe, sandar da ke juyawa a tsakiyar injin, boris ne ke riƙe da ita, shi kuma ƙafafun ƙarfe suka tallafe shi. Ba a ganinsa, ba ya kuka. Cin kansa yake yi, yana zubar da gari cikin mai. Ran da ya saki, komai ya tafi."

Da aka kwance injin, boris ɗin saura ƙiris ya tarwatse. Ana cikin jinjina wa Injiniya, ƙanwarsa ta kira.

"Yaya, matarka ta faɗi a kicin."

A asibiti likita ya ce masa, "Huhunta ya daɗe da lalacewa. Ba ku ga wata alama ba?"

"Ko tarinta ban taɓa ji ba."

Ba ta dawo gida ba. Bayan an kai ta makwancinta, gidan ya tsaya cak. Ba wanda ya san lokacin maganin Baba, ba wanda ya san inda takalman yara suke. Yana neman katin asibitin tsohon ya ɗaga katifarsu. A ɓangarenta tsummoki ne jere a ninke, kowanne da busasshen jini.

Ya ɗauki ɗaya zuwa taga, ya duba shi a haske, kamar yadda ya saba duba maganaɗisu.