Ƙarar Minti na Bakwai

Bayan shekara talatin tana koyar da gogen Turawa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, tana kiɗan zamani ga kujerun da babu kowa, wata malama ta ci babbar kyauta ranar Litinin. Alƙalai sun ce ƙarar da ta tsaga minti na bakwai na kiɗan da ta aika musu ce ta girgiza su.

Ba gogenta ba ne. Maƙwabcinta ne, Bakano mai fataucin jakunkuna, yake jan salatif a kan kwalaye lokacin da take naɗar kiɗan.

Ranar Juma'a za ta maimaita shi gaban jama'a. Ta roƙe shi ya zo.

"Zan zo bayan masallaci, Malama," in ji shi. "Amma wancan salatif ɗin ya ƙare. Sabon ba ya kuka."

Yau Alhamis ɗalibanta na bin kasuwanni suna jan salatif. Ba a samu mai kuka ba tukuna.