Ɗan Ɗakin da Mai Hoto Ya Share

Tunda an ɗora ka a kan mutane har ka fara lissafin waɗanda za ka sallama don ba ka ga amfaninsu ba, bari in ba ka misali, ƙanena. An yi wani mai ɗaukar hoto, mutum mai tsabtar tsiya, ko tsinke ya gani a shagonsa sai ya ɗauke. Kwamfutarsa ta cika, ya shiga neman wuri. Da ya leƙa faifan ajiyarta sai ya tarar an kasa shi ɗaki-ɗaki: ga babban ɗakin hotuna, ga na manhajoji, ga kuma wani ɗan tsugul a gefe, ko suna ba shi da shi. Gogan naka ya ce wannan zaman banza yake yi, ya share shi, ya kashe kwamfuta yana jin ya yi gwaninta. Washegari ya kunna, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, sai layin Turanci ɗaya yana cewa ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Ga shi hotunan marigayiya mahaifiyarsa duk suna ciki, ba su da kwafi ko'ina a duniya.

Maƙwabcinsa mai sayar da waya ya ce a wanke kwamfutar gaba ɗaya, a goge komai a zuba sabo. Allah ya taimake shi bai ji ba, ya ɗauke ta sai wurin mai gyara. Mai gyara ya soka mata filashi, ɗan ma'ajin nan na tafi-da-gidanka, ya tashe ta da shi daga waje, ya duba, ya yi dariya ya ce, "Malam, kayanka na nan lafiya lau. Mai buɗe ƙofa ka kora." Ashe a ɗan ɗakin nan ne ake ajiye fayilolin da ke fara farkawa su nuna wa kwamfuta hanya. Ya sake yanka ɗakin, ya mayar da fayilolin, ya kunna. Sai ga hoton tsohuwarsa a fuskar kwamfuta, tana zaune a tabarmarta tana tsince shinkafa. Mai hoto ya daɗe yana kallonta, ransa fari ƙal, kuma har yau tsintsiyarsa ba ta sake bi ta wannan lungu ba. To, kafin ka sallami kowa, ka tambaya wa ke buɗe ƙofa da safe. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.