Sharaɗin Fitowa Daga Ta Huɗu

"In ka fito da kanka, mu saya," in ji matar ga mijinta a harabar dillalin motoci a Leeds.

Tun da aka yi masa aikin ƙugu ba ya iya sunkuyawa. A baya ya tuƙa samfuri uku na wata ƙaramar mota mai kujera biyu, daga mai fitilu masu ɗagowa har wadda ta yi ƙiba. Ta huɗun, wadda yake zaune a ciki yanzu, ta rame, ta ƙara yin ƙasa.

"Ita ta rage nauyi, tsoho. Kai fa?"

Ya yunƙura, kansa ya bugi rufi. Ana yayyafi. Da hannu ɗaya ya ture rufin, wanda na yadi ne mai naɗewa, zuwa baya, ya dafa gilashi, ya miƙe tsaye, ya tako waje.

"Da kaina kika ce. Ba ki ce a bushe ba."