Baitin da Na'ura ta Riga ta Ji

Tun da aka kafa dokar cewa duk maganar da na'ura ta ji ta zama tata, mujallun adabi suka daina buga waƙar da aka taɓa furtawa. Shi ya sa Lantana, wata dattijuwa mai ɗinkin huluna a Gusau, ta riƙe waƙar da ta yi wa marigayi mijinta a ka. Ko a ɗaki ba ta rera ta, don yanzu har fitila kunne gare ta.

Ran nan ta je ofishin mujalla, ta rubuta waƙar a gaban edita, Malam Tanimu. Ya karanta, sannan ya nuna wa na'ura takardar. Sai ta kawo jar wuta.

"Inna, baiti na uku ba naki ba ne. An taɓa jin sa."

"A bakin wa, ɗan nan?"

Ya danna. Sai ga muryarta ƙasa-ƙasa a asibiti, tana raɗa wa mijinta baitin. Aka ji ya yi tari, ya ce, "Sake faɗa mini, Lanti."

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Ki cire shi, wallahi in buga sauran a shafin farko."

"Baitin da ya ce in sake? Ba na cirewa." Ta jawo kujera ta zauna. "Bar batun bugawar nan. Mayar mini da wurin da ya yi magana."

Ya tura ƙofar ofis, ya mayar mata.