Yankan Farko

Sai da filafilin tuƙi ya ɗago zangarniyar shinkafa daga ƙarƙashin ruwa, sannan maigari ya gane kwalekwalen da ya ɗauko shi bisa gonakin garinsa yake tafiya.

Shi ya kafa dokar da bakinsa: kada kowa ya taɓa gona sai ya dawo ya yi yankan farko, kamar yadda aka gada. Ƙanensa ya nemi ya wakilce shi a yankan, ya ƙi. Ya tafi Gaya gaida kumandan, Baturen mulki, Baturen ya shanya shi a ƙofa kwana da kwanaki, kogi kuwa ya cika ya malale fadama.

Da ya iso, mutanensa na tsaye a gaɓa, ba wanda ya zage shi. Wani tsoho ya durƙusa, ya miƙa masa wasasshen lauje.

"Ranka shi daɗe, ba mu saɓa maka ba. Bisimilla."