Injin Da Ya Koyi Ciwon Baya

Shekara talatin Baba Barau ya yi a wani gidan wasa a Kaduna, yana tsayar da sandunan da 'yan wasa ke kayarwa da ƙwallo. Da inji ya karɓi aikin, doka ta ce dole mutum ya zauna gefensa, sai aka ba shi kujera.

Wata rana da azahar 'yarsa Uwani ta kawo masa abinci. Ta ga injin ya sunkuya ya jera sandunan, sannan ya ɗan dakata kafin ya miƙe, kamar mai ciwon baya.

"Baba, lalacewa ya yi?"

"A'a, a wurina ya koya." Ya buɗe kwanon, ya sake rufewa. "Manaja ya ce gobe za a cire masa wannan halin. Wai ɓata lokaci ne."